Wa Ya Tsaya Masa? Tarihin Gwada Ma'aikacin Lafiya a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Matashin da ya taso a Funtuwa, Bakori ko Malumfashi, ya karanta ilmin kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, sannan ya nemi aikin injiniyan manhaja a ɗaya daga cikin kamfanonin fasahar kiwon lafiya da ke Kano, Abuja ko Legas, yakan bi ta matakai kusan iri ɗaya. Zai tura takardunsa ta intanet, a turo masa jarrabawa mai ƙayyadadden lokaci, sannan a zaunar da shi gaban wani ƙwararre ya warware matsala a kwamfuta ana kallonsa, a ƙarshe a tattauna da shi kan halayyarsa da albashi. Mutane da dama suna ɗaukar wannan intabiyu a matsayin baƙon abu da zamani ya kawo. Amma tambayar da ke ƙarƙashinsa ta daɗe a wannan yanki na kudancin Katsina: yaya za a tabbatar da mutum kafin a damƙa masa lafiyar wani? Wanda ya bi tarihin amsar zai ga cewa mutanen da sun gwada abu biyu a tare, iyawa da amana, zamanin takarda ya raba su, intabiyun yau kuma ya maido da gwajin iyawa amma bai maido da na amana ba. Wannan giɓin ne ya kamata kamfanonin da ke rubuta manhajar asibiti su cike.

Kafin zuwan Turawa, aikin lafiya a wannan ƙasa yana hannun wanzamai, maɗora, ungozomomi, bokaye da malamai, kuma yawancinsa gado ne. Ɗan wanzami ba ya wayar gari ya tsinci kansa yana yi wa yaro kaciya. Yakan fara da ɗaukar zabira yana bin mahaifinsa gidajen suna, ya koyi wasa aska, ya riƙe jariri ana yi masa aski. Daga nan a bar shi ya aske kawunan yara, sannan na manya, sannan ya yi ƙaho, kafin a kai ga cire beli da kaciya, inda kuskure kan jawo asarar rai. Kowane mataki gwaji ne, kuma mai gwajin yana tsaye a kansa shekara da shekaru. Sama da uban akwai Sarkin Aska, wanda ake kai wa ƙara idan an yi ɓarna. Haka abin yake ga maɗori da ke ɗaure karaya, haka kuma ga ungozoma, wadda sai ta halarci haihuwa da yawa a bayan wata tsohuwa kafin a yarda ta yanke cibiya ita kaɗai. Ko a noma, wanda shi ne ƙashin bayan wannan yanki, sarautar Sarkin Noma tana da sharaɗin da ake ƙirgawa, wato dami dubu na hatsi da jama'a za su gani da idonsu. Ba a tambayar mutum ya bayyana yadda ake noma. Rumbunsa ake dubawa.

Amana kuwa tana da nata ma'aunin, kuma ya fi bayyana a fatauci. Uban gida yakan fara aiken yaronsa da kuɗi kaɗan, ya ga ko canji zai dawo daidai, sannan ya ƙara masa jari a hankali har ya kai ga riƙe ayari. Baƙon da ya shigo gari da kaya ba ya samun bashi sai mai masaukinsa ya tsaya masa, kuma tsayawar tana da nauyi, domin idan baƙon ya gudu mai masaukin za a kama. Tambayar da ake yi a kan wanda ba a sani ba ita ce: yaron wane ne, wa ya tsaya masa? Malamai kuma sun ba wannan al'ada tushe daga ƙissar Annabi Musa (AS) a Madyana, inda siffofi biyu da aka yaba wa wanda za a ɗauka aiki su ne ƙarfi da riƙon amana. Abin lura a nan shi ne, wanda ya gwada mutum shi ne wanda zai sha kunya idan mutumin ya gaza. Wannan haɗin, na mai gwaji da mai ɗaukar alhaki a jikin mutum guda, shi ne ƙarfin tsohon tsarin.

Auduga da jirgin ƙasa ne suka fara girgiza shi. Ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Ingila, BCGA, wadda aka kafa a 1902 don ciyar da masaƙun Lankasha, ta sami ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta dace da irin audugar Allen, ɗan asalin Amurka, da aka shigo da shi a 1912. An kafa gonar iri a Daudawa, an gina injinan gurzar auduga, layin dogo daga Zariya zuwa Gusau ya ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920. Garin ya cika da baƙi daga kudanci da sauran sassan Arewa, kuma ayyukan da ba su da gado suka bayyana: akawu, mai awo, malamin da ke tantance darajar auduga a kasuwa, ma'aikacin tasha. Bature manaja ba shi da hanyar sanin ɗan gidan wa ke gabansa, kuma ba shi da shekarun da zai zauna yana kallonsa. Sai ya nemi abin da zai tsaya a madadin wannan sani, wato takardar makaranta da ɗan gwajin karatu da lissafi. Amma ko a lokacin, attajiran da suka zama wakilan sayen auduga sun ci gaba da raba kuɗi ga yaransu bisa tsohuwar ƙa'ida, saboda takarda tana nuna mutum ya iya ƙirga buhuna, ba ta nuna ko zai taɓa sikeli.

A ɓangaren lafiya, En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, ce ta ɗauki nauyin ɗakunan shan magani na gundumomi, ta fara tura yara daga makarantun midil su koyo aikin malamin asibiti da duba-gari. A farkon shekarun 1930 aka buɗe makarantar tsafta a Kano da ta haɗa magunguna a Zariya. A tsarin En'e hakimi yana da bakin magana kan wanda za a tura, don haka Sarkin Maska a Funtuwa da Galadiman Katsina a Malumfashi sun ci gaba da zama masu tsayawa, ko da takarda ta shigo. Babban sauyi ya zo daga 1954, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta sami hukumar ɗaukar ma'aikata tata, Sardauna Ahmadu Bello kuma ya duƙufa wajen cike ofisoshi da 'yan Arewa. Daga nan aka saba da zaman kwamiti, mutum uku ko biyar a bayan tebur, ɗan takara a gabansu da fayil, ana yi masa tambayoyi na ɗan lokaci. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da En'e, aka ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, makarantu suka yawaita, masu takarda suka fi guraben aiki yawa. Sai tsohuwar tambayar ta juye: da ana cewa wa ya tsaya masa, yanzu ana cewa wa ya sani. Bambancin yana da girma, domin mai tsayawa yana biyan tara idan an yi ɓarna, mai hanya kuwa ba ruwansa da abin da ya biyo baya. Turmutsitsin jarrabawar ɗaukar ma'aikatan hukumar shige da fice a watan Maris na 2014, wanda ya yi sanadin mutuwar matasa fiye da goma a filayen wasa na ƙasar nan, ya nuna inda tsarin tara dubban masu takarda a gwada su a yini ɗaya ya kai mu.

Malumfashi tana da wani babi na musamman a wannan tarihi, kuma shi ne ya fi kusa da aikin injiniyan manhajar lafiya. Asibitin garin ya kasance ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da na Zariya da Kaduna. A shekarun 1970 aka gudanar da babban binciken cututtuka a yankin, haɗin gwiwar jami'ar da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful da majalisar binciken lafiya ta Ingila. Masana irin su Herbert Gilles da Brian Greenwood sun sa hannu a jerin rahotannin da suka fito daga wannan aiki, kan zazzaɓin cizon sauro, tsargiya, sanƙarau, saran maciji, da yawan haihuwa da mutuwa. Duk wani adadi da ke cikin waɗannan rahotanni ya fara ne daga wani mutum da ya yi sallama a ƙofar gida yana tambaya. Wanda ya san ƙasar Hausa ya san wahalar wannan tambaya. Uwa tana jin kunyar ambaton sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, a gida ɗaya ana iya samun Musa uku da Talatu biyu, yawancin mutanen karkara ba su riƙe ranar haihuwa ba sai dai a ce shekarar fari ko shekarar da aka naɗa wane, kuma lissafa yaran da suka rasu abu ne da ba a yi wa kowane baƙo. Masanin al'adu Murray Last, wanda ya zauna a wani gidan Maguzawa na wannan yanki a wajajen 1970, ya nuna yadda marasa lafiya ke kai-komo tsakanin boka, malam, 'yan bori da asibiti ba tare da sun damu da bayanin kowannensu ba. Ma'anar duk wannan ita ce, ingancin bayanan lafiya yana rataye ne a kan sanin mutane da kuma gaskiyar mai rubutawa, wanda zai iya zama a gindin bishiya ya cike takardu da ƙarya ba wanda ya gani.

Wannan matsala ce ta sake tasowa a yaƙi da shan inna, kuma ita ce ta buɗe wa masu rubuta manhaja ƙofa a Arewa. A 2012 Nijeriya ta sami yara 122 da cutar ta kama, Katsina na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Aka gano cewa taswirar hannu da masu rigakafi ke bi ta bar unguwanni da rugage da yawa, wasu ma'aikatan kuma suna cike takarda ba tare da sun je ba. Sai aka zana sabbin taswirori daga hotunan tauraron ɗan Adam, aka ba tawagogi wayoyin da ke nuna inda suka taka, aka kafa cibiyoyin kula da aikin a jihohi. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 take kuma da babbar cibiya a Kano, ta taka rawa a wannan aiki. A lokaci guda ma'aikatun lafiya suka rungumi manhajar DHIS2, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo ta Norway, don tattara rahoton wata-wata na asibitoci, bayan cutar Ebola ta 2014 kuma aka samar da SORMAS don bibiyar annoba. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Tun daga wannan zamani, wanda ke rubuta manhaja ya shiga sahun ma'aikatan lafiya, ko da bai taɓa riƙe allura ba.

Salon intabiyun da ake yi wa irin wannan ma'aikaci daga Amurka aka aro shi, kuma shi ma yana da nasa tarihin gyare-gyare. A shekarun 1990 kamfanin Microsoft ya shahara da tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, Google ya bi sahu, har a 2013 shugaban sashen ma'aikatansa, Laszlo Bock, ya fito ya ce sun duba sun ga irin waɗannan tambayoyi ba sa nuna wanda zai iya aiki. Tun a 1998 masana biyu, Frank Schmidt da John Hunter, suka tattara binciken shekara 85 kan hanyoyin ɗaukar ma'aikata, suka gano cewa ba mutum samfurin aikin ya yi, da kuma yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya da ma'auni ɗaya, sun fi hirar baka ta gaba-gaɗi da yawan shekarun karatu hasashen yadda zai yi aiki. Kamfanin Andela da aka kafa a Legas a 2014 ya yaɗa wannan tunani a Nijeriya, inda ya riƙa ɗaukar matasa ta hanyar gwaji da horo ba tare da dogara ga digiri ba. A taƙaice, binciken zamani ya dawo kan abin da wanzami ya sani, cewa gani ya kori ji. Sai dai wani bincike na 2020 da Jami'ar Jihar North Carolina ta yi tare da Microsoft ya nuna cewa idan aka sa mutum ya warware matsala a allo ana kallonsa, ƙoƙarinsa yakan ragu ƙwarai, har gwajin ya koma auna fargaba. Kallon awa ɗaya daga baƙo ba daidai yake da kallon shekaru daga wanda ya rene ka ba.

Za a ce, kuma da hujja, tsohon tsarin da ake yabo ai shi ne tushen son kai. Ɗan manomi ba ya zama wanzami, baƙo marar mai masauki ba ya samun shiga, mace kuma ba ta da rabo sai a ungozomanci. Takarda ce ta ba ɗan talaka daga Kafur ko Ɗanja damar zama likita, kuma makarantar ungozoma ta Malumfashi ta fitar da mata ƙwararru da gado ba zai taɓa fitarwa ba. Ban da haka, wasu ayyukan gargajiya, kamar cire beli da aska ɗaya ga jarirai da yawa, sun cutar da mutane duk da shekarun koyo. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba wanda ke da hankali da zai nemi a mayar da aikin lafiya gado. Amma abin da ya toshe ƙofa a da shi ne sharaɗin jini, kuma ana iya jefar da shi a riƙe sauran: gwaji mataki-mataki, farawa da ƙaramin aiki kafin babba, da mai shaida wanda sunansa ke cikin haɗari. Likitanci na zamani kansa haka yake yi, domin ba a sakin sabon likita sai ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin manya. Ba dalilin da zai sa wanda ke rubuta manhajar da ke lissafa adadin maganin yaro ya tsallake irin wannan mataki.

Wasu kuma za su ce manhaja ba ta da ƙabila, wanda ya iya a Indiya ya iya a Funtuwa, don haka a gwada basira kawai a bar maganar sanin wuri. Basira wajibi ce, kuma tarihi ya nuna illar rashinta: tsakanin 1985 da 1987 na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta ƙona marasa lafiya a Amurka da Kanada, wasu suka mutu, saboda kuskure a manhajarta. Amma a wannan yanki kuskuren da ya fi yawa ba na lissafi ba ne. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Funtuwa, Malumfashi, Bakori da Faskari, aka kwashe watanni a haka. Duk manhajar da ba ta aiki sai da intanet ta zama hoto a wannan lokaci. Haka nan fom ɗin da ya tilasta a sa ranar haihuwa zai sa ma'aikaciya ta rubuta 1 ga Janairu ga rabin ƙauye, wanda ya dogara da suna kaɗai kuma zai haɗe fayil ɗin Musa da na wani Musa. Mai intabiyun da ya tambayi ɗan takara yadda zai adana bayanai a waya marar sabis har mako uku, ya haɗe su daga baya ba tare da an maimaita mutum ko an ɓatar da shi ba, ya gwada basira da sanin wuri a tambaya ɗaya. A nan ne matashin da ya taso a Ɗandume ko Sabuwa yake da abin da ɗan birni ba shi da shi, idan har an tsara tambayoyin da za su fito da shi.

Akwai kuma ƙorafin masu neman aiki, cewa aikin gwaji da ake ba su su yi a gida yakan ci kwanaki ba biya, kuma yana fifita mai wuta da intanet mai ƙarfi a kan wanda ke cajin kwamfutarsa a shagon caji. Kamfanoni su ma suna kukan cewa yanzu ana amfani da ƙirƙirarriyar basira a amsa jarrabawa. Maganin biyun ɗaya ne: a taƙaita aikin gwajin, a biya idan ya yi tsawo, sannan a zauna da mutum ya bayyana dalilin kowane zaɓi da ya yi, tun da wanda bai yi aiki da kansa ba ba ya iya kare shi. Ko yaron wanzami yana cin abinci a gidan da yake koyo.

Saura amana, wadda ita ce aka fi sakaci da ita. Injiniyan manhajar asibiti yana iya ganin wanda ke ɗauke da ƙanjamau, da wadda ta yi ɓari, da wanda ake duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa, a garin da kowa ya san kowa. Arewa ta ɗanɗani abin da ke faruwa idan jama'a suka daina yarda da masu aikin lafiya: gwajin maganin Trovan a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 na cikin abubuwan da aka kafa hujja da su wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, ƙauracewar da ta mayar da aikin baya shekaru. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 da dokar kare bayanai ta 2023 sun tanadi sirrin majiyyaci, amma doka tana hukunta ɓarna ne bayan ta auku. Fom ɗin mai tsayawa da ake cikewa yau kuwa sau da yawa sa hannu ne kawai na wanda ba za a taɓa kira ba.

Saboda haka, kamfanonin fasahar lafiya da ma'aikatar lafiya ta Jihar Katsina, idan za su ɗauki mai rubuta manhaja, su ba shi aikin da ya yi kama da wanda zai tarar a asibitin karkara, su yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, su kira wanda ya taɓa aiki da shi su ji daga bakinsa, kuma kada su buɗe masa bayanan majiyyata gaba ɗaya sai ya nuna hali a kan kaɗan. Matasanmu masu shirin shiga irin wannan intabiyu su kuma su je da aikin da suka gina da hannunsu, da sunan malami ko shugaban da zai yarda ya tsaya musu, kuma kada su raina sanin da suke da shi na ƙauyukansu, domin yana cikin cancantarsu.